Suna shiga shafina suna fita, ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Barci, na biya wani yaro ya buɗe mini shafin intanet. Lissafi ya nuna mutane suna shiga, amma yawancinsu ko minti ɗaya ba sa yi, kuma har yau babu wanda ya kira. Ga adireshin na turo, a duba mini. Daga wata 'yar kasuwa, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Na buɗe shafin naki ina tsaye a bakin titin Ahmadu Bello, da datar wayata, kamar yadda mai saye zai yi. Farin allo ne ya tarbe ni. Na ƙirga har goma sha biyu kafin wani bidiyo ya fara motsi, ƙarƙashinsa kuma doguwar maraba da tarihin yadda kika fara sana'a. Sai da na ja ƙasa sau biyar na ga atamfar farko, ita ma babu farashi. Lambar waya tana can ƙarshe, da ƙananan haruffa.

Kin fi ni sanin mai wucewa ta gaban rumfa. Kallo ɗaya take yi wa kayan da kika rataye a ƙofa, ko ta tsaya ko ta yi gaba. A intanet abin ya fi haka sauri. A 2006 masu bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada, ƙarƙashin Gitte Lindgaard, sun gano cewa cikin kashi ɗaya bisa 20 na daƙiƙa guda mutum yake yanke hukuncin ko shafi ya burge idonsa. Bai ma karanta ko kalma ɗaya ba. A 2016 kuma Google ya fitar da rahoton cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga ta waya sukan juya idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. To ina ga mai ƙaramar Itel a Rigasa, ga sabis yana hawa yana sauka, ga data da tsada?

Saboda haka ki fara da nauyin shafin, don shi ne babban ciwon. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar, kuma yaron ya ɗora su yadda suke, sun fi ashirin. Ya rage kowanne ya dawo wajen kilobait 150, ya mayar da su tsarin WebP, wato nau'in hoto marar nauyi da aka yi don intanet, zanen atamfar ba zai dushe a ido ba. Bidiyon nan mai kunna kansa a cire shi gaba ɗaya, yana cinye wa mutane data ba da izininsu ba, ni kam abin yana ɓata mini rai. In ya gama, ya sa adireshin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi.

Sai abin da ido zai fara gani kafin a ja ƙasa: layi ɗaya da ya faɗi me kike sayarwa da inda kike, hotunan kaya masu haske da farashi a jikinsu, da koren maɓallin WhatsApp babba wanda ɗan yatsa zai taɓa ba kuskure. Na san 'yan kasuwarmu ba sa son bayyana farashi saboda ciniki. Ko "daga naira kaza" ki rubuta, don mace ta san ko aljihunta zai kai kafin ta kira. Tarihin sana'arki kuwa yana da daɗin ji, a ba shi nasa shafin daban.

TAMBAYA: Malam, malaminmu ya ce hankalin ɗan Adam yanzu daƙiƙa 8 ne kacal, bai kai na kifi ba. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Kawo.

AMSA: Ƙanena, wannan magana ta yaɗu ne daga wani rahoton Microsoft reshen Kanada a 2015, kuma da BBC ta bi diddiginta a 2017 ba a samu binciken da ya tabbatar da ita ba. Kai da kanka kana zama awa biyu kan wasan ƙwallo. Abin da aka tabbatar shi ne mutane ba sa karanta shafi layi-layi. Gwajin bin motsin ido da Jakob Nielsen, masanin yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, ya wallafa a 2006 ya nuna sukan karanta layukan sama, sannan ido ya gangara ta gefen hagu, kamar siffar harafin F. In kana tsara shafi, sa muhimmiyar magana a sama, kuma a kalmomin farko na kowane layi.