Hukuncin Ɗaura wa Yaro Awarwaron Kahraman Saboda Fitar Haƙori

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwar mijina ta kawo min tsarabar awarwaron kahraman guda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na ɗana mai wata bakwai. Ta ce yana rage wa yaro zafin fitar haƙori. Nawa kuma akwai ɗan ƙwaro a cikin dutsensa. Ya halatta mu sa? Zan iya salla da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, kahraman asalinsa ƙaro ne na itatuwa da ya daskare ya taurare tun zamani mai nisa, an fi samunsa a gaɓar tekun Baltik, musamman yankin Kaliningrad na Rasha. Abu ne mai tsarki, kuma ado da shi halal ne ga mace kamar yadda take sa murjani da tsakiya. Allah Ya ce a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce, wane ne ya haramta ƙawar Allah wadda Ya fitar domin bayinSa?"

Ƙwaron da kika gani ya maƙale ne tun ƙaron yana ɗanye. A mazhabar Malikiyya, mushen abin da ba shi da jini mai gudana, kamar ƙuda da tururuwa, mai tsarki ne. Sallarki ta inganta.

Na yaron ne nake so ki tsaya ki duba da kyau. Wanda ya rataya wani abu yana ganin shi da kansa yake kore cuta, ya shiga gargaɗin hadisin Uƙbatu ɗan Amir da Imamu Ahmad ya ruwaito: "Wanda ya rataya laya, haƙiƙa ya yi shirka." Idan kuwa ya ɗauke shi sababi ne kawai, Allah ke warkarwa, to dole sababin ya tabbata ta hanyar shari'a ko ta gwaji. Masu sayarwa suna cewa ɗumin jiki yana fitar da wani sinadari daga dutsen ya shiga fata, amma likitoci ba su tabbatar da hakan ba.

Cutarwarsa kuwa an gan ta. A watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi, bayan sarƙar kahraman ta shaƙe yaro ɗan wata 18 yana barci, ya rasu. Zaren ma yana iya tsinkewa, ga yaro mai kai komai baki, ya haɗiye ɗan dutsen ya tsaya masa a maƙogwaro. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa."

Don haka ban ga halaccin ɗaura wa jariri shi ba, ko da don ado ne. Ki wanke hannu ki riƙa murza masa dasashi a hankali da yatsa, in zazzaɓi ko gudawa suka zo ki kai shi asibiti, kada ki ce haƙori ne. Ƙanwar mijinki alheri ta nufa, ki gode mata, ki sa naki, ki yi mata bayani cikin taushin murya.

Wallahu a'alam.