Kwamfutar da ke sake tashi idan an bugi tebur

Ka tambaye ni kan kwamfutar nan ta tebur da mai shagon buga takardu ya kawo. Tana aiki lafiya lau, amma da gwiwarsa ta bugi tebur, ko wani ya tura aljihun teburin da ƙarfi, sai allo ya yi baƙi ta sake tashi daga farko. Ka ce ko mu yi mata fomatin, wataƙila bairos ne.

Ajiye filashin nan tukuna, ɗana. Yin fomatin a nan barin jaki ne a daki taiki. Bairos bai san an bugi tebur ba, Windows ma ba ta sani ba. Duk matsalar da girgiza ke tayarwa, hannu zai iya taɓa ta: ko dai wani abin da ya kamata ya kama ya saki na ɗan lokaci, ko kuwa wani ƙarfe ya taɓa inda bai kamata ba. Aikinka ka gano wurin.

Ga abin da ya sa ɗan motsi ke isar ta. Fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, yana iya riƙe kwamfuta bayan wuta ta yanke, amma na kusan kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa kawai. A cikin babban filogin nan mai baki 24 da ke fitowa daga fawa-fak akwai waya ruwan toka, ita ke shaida wa bod, wato babban faifan da komai ke jone a kansa, cewa wuta ta daidaita. Da wannan shaidar ta faɗi, ko da na ƙiftawar ido ne, bod zai tsayar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya fara daga farko. Idan kuma wutar ta yanke gaba ɗaya, a ƙa'ida kwamfutar za ta mutu ta zauna a mace, sai dai in an saita ta a BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga kafin Windows, ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Shagunan da ke fama da ɗauke wuta da yawa suna kunna wannan saitin, don haka ka duba shi kafin ka yanke hukunci.

Fara daga bango, ba daga ciki ba. Shin mai kayan ya kawo wayar wutarsa, ko da tamu ka jona? Shin ka bugi teburinmu ka ga ta yi a gabanka? In a nan ta ƙi yi, to ciwon yana shagonsa: estenshan mai arha da bakinsa ya buɗe, ko soket da ya saki daga bango, ko kan wayar da ke shiga bayan fawa-fak ya yi sako-sako. Ka kunna ta ka riƙe wayar ka kaɗa, a gindin filogi da kuma inda take shiga kwamfutar. Wannan dubawar ba ta cin minti biyu, amma yara da yawa sai sun warware inji kaf sannan su tuna da ita. Kada ya ce maka ai yana da UPS. In sakin yana tsakanin UPS da kwamfuta, babu abin da zai hana.

In waje lafiya, cire wuta, danna maɓallin kunnawa ka riƙe shi kaɗan don ragowar wutar ta fita, taɓa ƙarfen kes, wato akwatin kwamfutar, sannan ka buɗe. Danna filogi mai baki 24 har ka ji ƙugiyarsa ta kama. Kafin nan zare shi ka leƙa bakunan. In ka ga wani ya yi baƙi ko robar ta narke, ya daɗe yana zafi saboda rashin kamawa, dannawa kaɗai ba za ta gyara shi ba. Haka za ka yi wa ƙaramin mai baki 4 ko 8 na kusa da furosesa, mai wayoyi rawaya da baƙi. Zare ram, goge haƙoransa da robar goge fensir, hure ƙurar hunturun da ta cika ramin, mayar da shi har ƙugiyoyin su rufe da kansu. In akwai katin hoto mai nauyi, duba ko notinsa na nan. Ka kuma girgiza ƙarfen sanyaya furosesa da yatsa; irin na Intel mai ƙafafun roba huɗu yana yawan sakin ƙafa ɗaya.

Akwai wata da nake so ka gwada da wuri domin ba ta cin ko kwabo. In kes ɗin yana da maɓallin risat, wato na sake tayar da kwamfuta, bi siririyar wayarsa zuwa bod ka zare ta. Fuskar kes ta roba in ta karye ko ta karkace takan zauna a kan maɓallin, ɗan bugu sai ta danna shi. Wayar ma kanta takan feƙe ta taɓa ƙarfe. Kwamfuta tana aiki ba tare da ita ba. Zare, kunna, buga. In ta daina, aiki ya ƙare. Yawancin Dell da HP na ofis ba su da wannan maɓallin, in irinsu ce sai ka wuce.

Yanzu ga ainihin gwajin. Kwantar da kes a buɗe, kunna ta, shiga BIOS ka bar ta a nan. A Dell F2 ne, a HP F10. A wannan allon Windows ba ta tashi ba, saboda haka in ta sake tashi babu mai ɗora wa manhaja laifi. Samu biro na roba ko ɗan tsinken katako, ban da sukundireba, ban da yatsa mai zobe. Ka riƙa ƙwanƙwasa abu ɗaya a hankali, ka dakata, ka koma na gaba: jikin fawa-fak, tarin wayoyi, filogi babba, ƙarami, kan ram, gefunan bod, tsakiyarsa. Kada ka yi sauri, kada ka taɓa biyu a tare. Idonka kuma ya kasance a kan fanka. In fankoki suka tsaya sannan suka sake juyawa, zargi hanyar wuta. In suna ta juyawa allo kaɗai ya ɗauke, zargi risat ko ram ko bod ɗin kansa. Wurin da ka taɓa ta faɗi, sake taɓa shi sau da yawa. Sai ya riƙa yi duk lokacin da ka so sannan za ka ce ka kama shi.

In ƙwanƙwasar ba ta nuna wuri ɗaya ba, ko'ina ka taɓa kes sai ta yi, to akwai ƙarfe a ƙarƙashin bod. Kashe ta, ɗaga kes ka karkata shi kusa da kunnenka, wani lokaci za ka ji noti yana gangarawa. Wani lokaci kuma wanda ya haɗa ta ne ya bar ƙafar tagulla, irin wadda ake ɗaure bod a kanta, a inda bod ba shi da rami, tana gogar dalmar baya. Cire bod ka ɗora a kan kwali, da ram ɗaya da fawa-fak kawai, ka taɓa filoli biyun kunnawa da bakin sukundireba ta tashi. In a kan kwali ta jure bugu, a cikin kes ta kasa, ka san inda za ka nema.

In jikin fawa-fak ne ya amsa, dalma ce ta tsage a ciki, galibi a ƙafafun abubuwa masu nauyi kamar taransifoma, ko a bakin shigar wuta. Jona namu na gwaji ka tabbatar. Kada ka buɗe nasa in ba na wurin. Babbar kafasitar ciki tana riƙe sama da bolt 300, kuma takan riƙe shi bayan an cire wuta. Kafin ka tafi sayo wani, dubi bakinsa da kyau, domin Dell OptiPlex irin su 7020 da 9020 filoginsu na bod mai baki 8 ne, na gama-gari ba zai shiga ba. Ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa.

Saura haddis, ma'ajiyar Windows da takardu. Mai faifai da ke juyawa sau 7200 a minti ba ya son bugu, amma shi yawanci daskarewa yake jawowa ko shuɗin allo. Sai dai Windows tana sake tashi da kanta bayan shuɗin allo, har mai kaya bai gan shi ba ya ce ai ɗaukewa ta yi. In a BIOS ta jure komai amma a Windows tana faɗuwa, kashe wannan saitin na tashi da kai don allon ya tsaya ka karanta, sannan ka canza wayar SATA, wadda ke haɗa haddis da bod, da mai ƙugiya. Kada ka ruɗu da Kernel-Power 41 da za ka gani a Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru. Abin da yake faɗa kawai shi ne ba a kashe ta yadda ya kamata ba, bai faɗi dalili ba. Kuma tunda mu ma bugun ta za mu riƙa yi, kwafe masa takardunsa tun farko, ko ka zare haddis ɗin lokacin gwajin BIOS.

In duk wannan ya wuce, sai ka ga danna bod kusa da furosesa ko ramin ram ne ke kayar da ita ko a kan kwali, bod ne ya tsage. Kada ka hura masa zafi ka karɓi kuɗi, ba ya daɗewa zai dawo da ita. Kira ni mu yi masa lissafin wani bod, ya gwada da kuɗin wata tokumbo ya zaɓa da kansa.