Tambaya da Amsa: Kwana takwas a Kuroshiya, me za a gani, me za a bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Maigidana zai halarci taron aiki a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, cikin watan Satumba. Ya ce in ya gama mu ƙara kwana takwas mu huta, mu uku da Hajiya mahaifiyarsa. Na rubuta wurare goma sha ɗaya da nake son gani, ya ce ba zai yiwu ba. Ga Hajiya kuma da ciwon gwiwa. Waɗanne ne suka cancanci wahala?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A wannan karon dai maigidanki ne da gaskiya. Kuroshiya ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su cika miliyan 4 ba, amma a lanƙwashe take kamar lauje, kuma daga Zagreb zuwa Dubrovnik da ke can wutsiyar kudu tafiyar wajen kilomita 600 ce. Wanda ya ɗauko wuri goma sha ɗaya a kwana takwas, labarin kujerar mota kawai zai bayar in ya dawo. Ki soke takwas, ki bar ukun da ke kan layi ɗaya in an nufi kudu: Plitvice, Split da Dubrovnik.

Plitvice gandun daji ne, kamar sa'a biyu daga Zagreb. Tafkuna 16 ne a jere kamar matakala, 12 a sama, 4 a ƙasa, kowanne yana kwararo wa na ƙasansa ruwa. Launin da kika gani a hoto haka yake, wani tsanwa wani shuɗi, ana hango kifi har ƙasa. Amma ni abin da ya riƙe ni a wurin shi ne jin cewa madatsar da ke tare kowane tafki, ruwan ne da kansa ya gina ta. Yana ratsowa ta cikin farin dutse, irin wanda ake ƙonawa a sami farar ƙasa, ya narkar da shi ya ɗauko. In ya iso kan gansakuka da rassan da suka faɗo, sai ya sauke kayansa a kansu, a hankali abin ya daskare ya zama dutse mai ramuka kamar soso. Har gobe ginin bai tsaya ba. Shi ya sa aka hana wanka, aka shimfiɗa hanyoyin katako a saman ruwan don kada ƙafa ta taka. Tun 1949 aka keɓe wurin, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1979.

Katakon nan galibi babu abin dafawa, kuma feshin ruwa yana jiƙa shi, don haka kada ku sa Hajiya zagaye. Ku shiga ta Ƙofa ta 1. Taku kaɗan daga bakinta akwai wurin tsayawa da ake hango Veliki Slap, ruwan da ke faɗowa daga tsayin mita 78, wanda babu kamarsa a ƙasar. Akwai jirgin ruwa mai lantarki da ke ƙetare Kozjak, babban tafkin, kuɗinsa na cikin tikiti, sai dai isa bakinsa ma sai an taka, ku duba ƙarfinta a ranar. Tikitin ku saya ta intanet tun kuna Zagreb, ku zaɓi na sassafe.

In kun gangaro bakin teku, ku yi la'asar sakaliya a Zadar. A 2005 wani mai zanen gini, Nikola Bašić, ya binne bututu 35 a ƙarƙashin matakalar bakin teku. Igiyar ruwa ta tura iska ciki, sai ki ji busa tana fitowa daga ƙasan da kike zaune. Ba hawa, ba kuɗin shiga. In maigidan mai kallon ƙwallo ne, ki faɗa masa a garin aka haifi Luka Modrić, ba zai yi gardamar tsayawa ba.

Split ce na fi so, kuma nan zan ce ku fi daɗewa, ko da kwana uku. Tsakiyar garin fadar Diocletian ce, sarkin Rum wanda ya yi murabus da kansa a shekara ta 305 ya dawo yankin da aka haife shi. An ce da aka roƙe shi ya koma mulki, labarin kabejin da yake nomawa ya ba su. Da birnin Salona na kusa ya faɗi a ƙarni na 7, mutanensa suka gudo cikin bangon fadar suka fake, kuma daga ranar ba a sake barin ta babu kowa ba. Yau za ki ga shanyar wanki a tagar da aka fasa cikin bangon da ya haura shekara 1,700, ga mai sayar da kofi a gindin ginshiƙin Romawa. A farfajiyar akwai gunki mai jikin zaki da kan mutum da sarkin ya sa aka kwaso daga Masar, wanda ya girmi fadar da sama da shekara dubu. Shi kuwa Diocletian, da ya yi suna wajen gallaza wa Kiristoci, ginin da ya tanada don kabarinsa shi ne babbar majami'ar garin a yanzu. Wurin shimfiɗe yake, Hajiya za ta iya, amma ƙafafun mutane sun goge dutsen daɓen har yana santsi, a riƙe mata hannu. In kuna son ku ce kun taka tsibiri, jirgi daga Split zuwa Brač kamar minti 50 ne.

Dubrovnik kuwa ganuwarta ake zuwa gani: tsawonta kusan mita 1,940, tsayinta a wani wurin ya kai mita 25. Ni na yi wautar hawanta da tsakar rana a watan Agusta, daidai lokacin da manyan jiragen yawon buɗe ido suka sauke mutanensu. Babu inuwa, gaba mutum baya mutum, kuma hanya ɗaya ake bi, ba a juyowa. Na sauko gwiwoyina suna rawa, ni da ba ni da ciwon Hajiya. Ku biyu ku hau da zarar an buɗe da safe. Ki lura da rufin gidaje: yawancin jan kwanon yumɓun sabo ne fes, jefi-jefi ga tsoho da ya koɗe. Sababbin nan na bayan luguden wutar da aka yi wa garin ne a yaƙin 1991, wanda ya fi muni ranar 6 ga Disamba. Hajiya ta zauna a Stradun, babban titin, kusa da maɓuɓɓugar Onofrio da aka gina a 1438, wadda har yanzu ake shan ruwanta. Da yamma ku hau motar da ke tafiya a kan igiya zuwa saman dutsen Srđ, ta ga garin duka a zaune.

Abu ɗaya kada ki manta. Tun 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya ke cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuɗinta kuma yuro. Tsohuwar hanyar Split zuwa Dubrovnik tana ratsa garin Neum, wanda na Bosniya ne, wato an fita daga Shengen ke nan. Mai bizar shiga sau ɗaya zai iya maƙalewa. Ku tabbata motarku ta bi gadar Pelješac da aka buɗe a 2022.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibin tarihi ne. Na san Daular Usmaniyya ta Turkawa ta kai yankin nan. Akwai sauran abin gani, ko duk an share?

AMSA: Ɗana, akasari an share. Turkawa sun riƙe cikin ƙasar da yawa a ƙarni na 16 da na 17, da suka janye aka rushe yawancin masallatai ko aka mayar da su majami'u. Amma ka hau sansanin Klis da ke saman Split, wanda suka kama a 1537 suka riƙe har 1648. A ciki akwai ɗan gini mai kusurwa huɗu da ƙubba. Majami'a ce yanzu, amma da ka gan shi ka san me aka gina. A Vrana, tsakanin Zadar da Shibenik, akwai masaukin fatake da Jusuf Mašković ya fara ginawa a 1644. Ɗan yankin ne da ya zama shugaban rundunar ruwa ta daular, kuma sarkin daular, Ibrahim, ya sa aka kashe shi a 1646 kafin ginin ya kammala.

Babban darasin dai yana Dubrovnik, wadda a da ake kira Jamhuriyar Ragusa. Ba a taɓa kafa tutar Turkawa a ganuwarta ba, domin duk shekara tana aika harajin tsabar zinariya 12,500 zuwa Istanbul, 'yan kasuwarta kuma suna fatauci a faɗin daular. Da aka yi yarjejeniyar sulhu ta Karlowitz a 1699, Ragusa ta gwammace Turkawa su zama maƙwabtanta a kan Benis (Venice, da ke Italiya a yau), abokiyar gabarta a teku, sai aka bar musu Neum ya shiga tsakani. Asalin yankin Bosniyar nan da na gargaɗi 'yar'uwarka a kansa ke nan. Faransawan Napoleon ne suka rushe jamhuriyar a 1808.

In Juma'a ta same ka, akwai babban masallacin Zagreb da aka buɗe a 1987, da na Rijeka na 2013. A wurin cin abinci kuma, abin da suke kira pršut busasshen naman alade ne, kifi dai ba ya yankewa a bakin tekun.

TAMBAYA: Baba, na ga hotunan mutane suna wanka a gindin ruwan Krka. Zan iya kai yarana?

AMSA: Tsofaffin hotuna ne, Malam. Tun farkon 2021 aka hana wanka a Skradinski Buk, wato wurin da ruwan kogin Krka ke faɗowa da ka gani a hoton, don kare irin dutsen nan da ke girma a Plitvice. Ka kai su su yi kallo, wanka kuwa sai a teku. Bakin tekun Kuroshiya yawanci tsakuwa ce da duwatsu, yashi kaɗan ne, kuma a tsakanin duwatsun akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya. Ka saya wa kowane yaro takalmin roba na shiga ruwa kafin ya tsoma ƙafa.