Ranar da aka ɗauki Kawu a matsayin Balarabe a Argungu

Ɗan'uwa, ka tambaye ni ko mu mazauna Sudan har yanzu Hausawa ne, ko Larabawa sun haɗiye mu. Tambayar ta sosa min rai, amma bari in ba ka labarin Kawuna tukuna.

Ni na raka shi bikin kamun kifi na Argungu a 2020, karonsa na farko a ƙasar mahaifinsa. Da dare aka zauna kiɗan fada, ga masu kotso, ga algaita, ga 'yan amshi. Kawu yana cikin farar jallabiya da ƙaton rawaninmu na Sudan. Wani mai tarbar baƙi ya hango shi, ya ɗauka babban baƙo ne daga ƙasar Larabawa, ya kai shi kujerun gaba. Maroƙi ya ɗauka: "Ga Balarabe, jikan Sharifai!" Har aka nemo wani ɗan islamiyya ya yi masa tafinta. Yaron nan ya yi ta fama da Larabcin littafi, yana fassara waƙar baiti-baiti, gumi na keto masa. Kawu kuwa idonsa ya cika da ƙwalla, don kirarin Sarkin Kabi Kanta na Surame ake yi, wanda mahaifinsa kan rera a gonar auduga. Da ya ga wahalar ta isa sai ya dafa yaron ya ce, "Huta, ɗana. Ni Bakabe na, duk abin da anka hwaɗi na jiya." Wurin ya kaure da dariya, maroƙi ya juya kirari nan take.

Hausar da ta ba su mamaki ita muke yi a gida. Kakanmu da ƙafa ya bar Kabi da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare, ya tsaya noma a yankin Jazira na Sudan bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Ya tarar da waɗanda suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Maganar aure kuma, wadda kuke yawan yi mana gori a kanta: eh, muna aure da Larabawa. Matar wana Balarabiya ce, ta iya tuwo da miyar kuka, 'ya'yanta durƙusawa suke yi su gaishe ni da Hausa. To me ya ɓace? Muna cin kisra, gurasarsu, su ma suna layi wajen agashenmu, wato tsire, sunan ma bai canza a bakinsu ba.

Abin da ke min ciwo shi ne can Sudan a kira mu Fallata ko Takari, wato baƙin da suka zo daga Yammacin Afirka, mu zo gida ku ce 'yan Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba Kawu da gidansa da gonarsa, amma kiɗan daren nan na cikin wayarsa, kuma ba ya barin jikoki su kwanta sai sun saurara.