Amsa ga 'yata malama a kan ɗalibin da ya saci waya

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da maigida da yara. Na ga tambayarki a kan ɗalibin nan ɗan shekara 15 da ya ɗauke wayar ɗan ajinsu ya sayar, wanda shugaban makaranta ke son a yi masa bulala a gaban ɗalibai sannan a kore shi, kina neman sanin ko al'adarmu ta san wata hanya ban da wannan.

Ta sani ƙwarai. Duka ba baƙon abu ba ne a gidajenmu da makarantun allo, amma idan laifi ya taɓa haƙƙin wani, abin da magabata ke fara tambaya shi ne wa aka cuta, kuma me za a mayar masa. A da, idan matashi ya ture yarinya mai talla har furarta ta zube, ba a zuwa wurin alƙali. Mai unguwa ne zai tara iyayen biyu a zaurensa, yarinyar ta faɗi abin da ya faru da bakinta, yaron yana durƙushe yana ji, a ƙiyasta kuɗin furar da na ƙwaryar da ta fashe, uban ya biya, shi kuma yaron ya fanshe kuɗin da aikin gona. Sai bayan haka ake roƙon yafiya. Addini ma ya ƙarfafa wannan, domin aya ta 40 a Suratus Shura ta ce wanda ya yafe kuma ya gyara, ladansa yana ga Allah.

Sai dai ki kula, sulhu yakan lalace idan mai laifin ɗan mai hali ne, a taru a kan ɗan talaka ana ce masa ya yi haƙuri alhali ba a mayar masa da komai ba. Saboda haka ki roƙi shugabanku ya kira iyayen duka biyu, a fara sauraren mai wayar, a rubuta nawa za a biya da lokacin biya, a kuma ɗora wa malami ɗaya bibiyar yaron har ƙarshen zango, kada a tilasta wa wanda aka cuta ya yafe a ranar. Amma laifi irin fyaɗe ko sara da makami, wannan na hukuma ne, kada ku yarda a kashe maganarsa a ofishin makaranta.

Ki gaida mutanen gida.