Maza na ta tafiya biɗa, me ya sa garuruwan Adar ke ƙara cika?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na yankin Keita, cikin ƙasar Adar, jihar Tahoua a Nijar. Da an ɗauke amfanin gona sai garinmu ya watse, ba ka ganin kowa sai mata da yara da tsofaffi. Duk da haka kowace shekara ajina ƙara cika yake, gonaki kuma sai ƙanƙancewa suke. Ta yaya mutane za su yi ta fita amma gari na ƙaruwa? Kuma wannan tafiya ba ita ce ke kashe ƙauyukanmu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Abu uku ne ke canza yawan mutanen gari: haihuwa, mutuwa da ƙaura. Tafiyar da kake gani kuwa yawancinta ba ƙaura ba ce, cin rani ne, wanda ake kira biɗa. Mutum ya ɗaure damman hatsinsa, ya zuba a rumbu, ya hau mota zuwa Abijan ko Legas ko Libiya, amma matarsa da 'ya'yansa da gonarsa suna nan. Da hadari ya fara haɗuwa sai ya juyo gida don shuka. Wanda ya yi nisa yakan yi shekara biyu ko uku kafin ya zo, amma aure a gida yake yin sa, a gida ake yi masa haihuwa, a gida ake suna. Yaran da ke cika maka aji 'ya'yan waɗannan matafiya ne.

Dubi alƙaluman ƙidaya. A 1977 Nijar na da mutum miliyan 5 da 'yan kai. A 1988 an haura miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 kuma miliyan 17.1, jihar Tahoua kaɗai na da miliyan 3.3. Ƙaruwar da aka samu tsakanin 2001 da 2012 ta kai kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wato jama'a na ninkawa cikin shekara 18 ke nan. Ba wai mata sun fara haihuwa fiye da iyayensu ba ne. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna mace na haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, na 2021 ya nuna an sauko zuwa 6.2. Abin da ya canza sosai shi ne mutuwar ƙananan yara: a 1992 cikin yara 1,000 da aka haifa 318 ba su kai shekara biyar ba, a 2012 adadin ya dawo 127. Rigakafi da gidan sauro da awon ciki sun yi aiki, kuma wannan abin godiya ga Allah ne.

Ƙasar noma ce ba ta ƙaruwa. Kai ka fi ni sanin Adar: tudu ne na duwatsu da faƙo, ƙasa mai kyau tana cikin kwari. Shi ya sa garuruwa suka jeru bakin Majiya da kwarin Keita da Tarka, inda rijiya ba ta da zurfi. Uba mai eka goma ya rasu ya bar maza biyar, kowa ya tashi da eka biyu, shi ma nan gaba ya raba wa nasa. Hutun gona da ake yi a da ya ɓace, taki ya yi kaɗan, ruwa na zaizaye gangare. Wanda ya rasa wuri sai ya kafa tunga a bakin daji, tungar ta samu rijiya da masallaci da mai gari. Wasu suka nausa arewa wajen Abalak, suka tsallake iyakar noma da dokar 1961 ta shata, suka shiga yankin kiwo. Daga nan ne rikicin burtali da ɓarnar gona ke tasowa tsakanin manoma da Fulani da Buzaye. Farin 1973 da na 1984 kuma ya kashe dabbobi, ya tilasta wa makiyaya da yawa zama wuri guda, su ma suka kama noma.

Game da tambayarka ta biyu, ban yarda tafiya ce ke kashe ƙauye ba. A ganina ita ce ma ke riƙe da shi. Gidan da hatsinsa ba zai wuce wata biyar ko shida ba, idan ƙarti uku suka fita an rage bakin ci, abin da suka aiko kuma shi ke sayen buhun gero lokacin bazara da tsakiyar damina. Zaga cikin garinku ka duba ɗakunan kwano da siminti, da amalanke da injin niƙa, ka tambayi daga ina kuɗin suka fito. Da babu biɗa, da iyalai da yawa sun kwashe gaba ɗaya.

Sai dai abin na da tsada, kuma mata ne suka fi biya. Su ke ɗebo ruwa da itace, su kai yaro likita, su yi jiran aiken da wani lokaci ba ya zuwa. Lokacin aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, mata ne mafi yawan masu ɗaukar duwatsun tare ruwa, don mazan ba sa nan. Sannan abincin gida ya rataya ga zaman lafiyar ƙasar wasu. Korar baƙi daga Gana a 1969 da Najeriya a 1983, rikicin Kodebuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011, duk sun dawo da 'yan Adar gida hannu rabbana.

Inda ake samun sauƙin fita shi ne inda rani ke da aiki: albasar Galmi, gonakin ban ruwa na Ƙonni, lambunan bakin tabkin Tabalak. Saurayin da ke da fegin albasa da injin jan ruwa ba ya gaggawar zuwa tasha. Inda babu wannan, wasu sun fara ɗaukar iyali suna tarewa a unguwannin gefen Tahoua ko Yamai, kuma wannan ce ƙaurar da ya kamata hukumomi su sa wa ido. Yamai da ba ta kai mutum 40,000 ba lokacin samun 'yancin kai a 1960, ta haura miliyan 1 a ƙidayar 2012.