Ku Tambayi Malam: Me ya sa saman dutse ya fi sanyi bayan ya fi kusa da rana?

Assalamu alaikum 'yan makaranta. Saƙonnin wannan makon kusan duk sama suka kalla, daga mai tambayar gajimare sai mai tambayar tsawa, na zaɓi huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Ta farko daga wata ɗaliba ce 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare: "Malam don Allah ka warware min, an ce mana wai akwai ƙanƙara a saman dutsen Kilimanjaro, ni kuma na kasa ganewa, ai wanda ya hau dutse ya matsa kusa da rana, ba zafi ya kamata ya ji ba kamar wanda ya matsa kusa da wuta?"

To 'yata, tunaninki ba laifi, lissafin nisan ne kawai ya ƙwace miki. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, shi kuwa Kilimanjaro da ke Tanzaniya tsayinsa mita 5,895, ko kilomita 6 bai cika ba, kin ga wanda ya hau shi ya ce ya kusanci rana kamar tururuwa ce ta hau tsakuwa tana cewa ta kusa kamo wata.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne hasken rana ratsa iska yake yi ya wuce, kaɗan yake ɗumama ta, ƙasa ce take shan zafin sannan ita ƙasar ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Ki gwada da tsakar rana, ki ɗora tafin hannu a kan siminti, sai ki ɗaga hannun daidai kanki ki ji bambanci. Wato murhun iska a ƙasa yake ba a sama ba.

Akwai kuma dalili na biyu, shi ya fi daɗi ma. Iska tana da nauyi fa, duk da ba ma ji, a bakin teku kowane wuri mai faɗin farcen babban yatsa yana ɗauke da nauyin iska kusan kilo 1. Wani Ba'italiye mai suna Torricelli ne ya fara auna wannan nauyin a 1643. Idan iska ta yi zafi a ƙasa sai ta yi shafal ta tashi, tana hawa abin da ke danne ta yana raguwa, sai ta baje, kuma duk iskar da ta baje sai ta huce. In akwai keke a gidanku ki danna bawul ɗin tayar ki tara yatsa, iskar da ke fitowa za ki ji ta da sanyi, alhali lokacin da ake buga mata iska famfon har zafi yake yi. A matse zafi, a sake sanyi, shi ke nan.

A matsakaici zafi yana raguwa da digiri 6.5 a duk kilomita 1 da aka hau. Ki ɗauka a gindi digiri 30 ne, ki hau kilomita 6, kin zubar da 39, kin koma 9 ƙasa da sifili, ba dole ruwa ya daskare ba? Wannan ɓangaren iskar na ƙasa-ƙasa da zafi ke raguwa a cikinsa ana kiransa turofosfiya, kaurinsa kamar kilomita 8 ne a ƙuryar arewa da kudancin duniya, a tsakiyar duniya kuwa ya kan kai 16 zuwa 18, kuma kusan duk wani hadari da ruwa da guguwa a cikinsa ake yi. Ki riƙe wannan maganar ta iska mai tashi tana hucewa, don sauran amsoshin duk a kanta suka hau.

Wani ɗan aji ɗaya kuma cewa ya yi: "Malam gajimare hayaƙi ne ko mene ne? Yayana ya ce ruwa ne, to in ruwa ne me ya riƙe shi bai zubo ba?"

Yayanka ya yi gaskiya ɗana. Ka ciro kwalbar ruwa daga firij ka goge ta tas ka ajiye, kafin minti biyu za ka ga ta yi gumi. Ruwan nan ba daga cikin kwalbar ya tsattsafo ba, daga iskar ɗakin ya zo. Kullum akwai tururin ruwa a cikin iska wanda ido ba ya gani, rana ce ke kwaso shi daga teku da koguna da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen itatuwa, kuma iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya ɗaukarsa, da ta huce sai rarar ta koma ruwa. Raɓar da kake gani a kan ciyawa da asuba ita ma haka take samuwa.

To gajimare gumin kwalba ne amma a sama. Iska ta tashi, ta baje, ta huce, tururin ya koma ɗigo-ɗigo. Sai dai a can babu kwalbar da zai manne wa, don haka yake kama 'yan ƙwayoyin ƙura da gishirin teku da toka masu yawo a iska. Wani lokaci ka ɗaga kai ka duba gajimaren nan farare masu kama da tulin auduga, za ka ga gindinsu a baje kamar an yanka da wuƙa kuma duk tsayi ɗaya, wannan layin shi ne daidai inda sanyin ya kai tururi ya fara zama ruwa.

Me ya riƙe shi? Ƙanƙanta. Kowane ɗigo faɗinsa kamar kashi 1 cikin 50 na milimita ne, faɗowarsa a hankali take sosai har iskar da ke tasowa daga ƙasa ta fi shi sauri, sai ya yi ta lilo a sama kamar ƙurar da kake gani a cikin hasken taga. Sai ɗigo kusan miliyan 1 sun haɗu kafin a samu ɗigon ruwan sama guda. Kar ka raina shi dai, ɗan farin gajimare mai faɗi da tsayi da kauri kilomita 1 zai iya ɗaukar ruwa tan 500. Baƙin da hadari yake yi kuma ba datti ba ne, kauri ya yi har haske ya kasa ratso shi, wanda ke cikin jirgi a samansa fari fat yake ganinsa.

Ta uku daga wasu 'yan aji uku da suka ce gardama ta kaure musu: "Walƙiya da tsawa wace ce ke riga faruwa? Wasunmu sun ce walƙiya tunda ita ake fara gani."

Ku daina gardama, kusan a tare suke faruwa, isowarsu gare ku ne ya bambanta. A cikin babban hadari iska na yin sama da ƙarfi, ƙananan ƙanƙara suna ta karo da juna har lantarki ya taru, wani iri a saman hadarin wani a gindinsa, idan ya yi yawa sai ya yi tartsatsi, shi ne walƙiya. Benjamin Franklin na Amurka ne ya nuna cewa lantarki ce a 1752. Hanyar da ta bi tana yin zafin da ya kai digiri 30,000, wajen ninki biyar na zafin fuskar rana, iskar wurin ta buɗe farat ɗaya, ƙarar wannan buɗewar ce tsawa.

Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, sauti kuwa mita 340 kacal, tafiyar kunkuru idan aka gwada. Don haka da kun ga walƙiya ku fara ƙirge, duk daƙiƙa 3 kilomita 1 ne, idan kun ƙirga 9 kafin ku ji ƙara to tana nesa da kilomita 3. Nan kuma zan ɗan ja muku kunne, don na san halin 'yan ƙwallo, wai sai an ƙarasa wasa. Idan ƙirgen bai kai 30 ba ku bar fili ku shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, kar ku kuskura ku fake a gindin bishiya musamman wadda take tsaye ita kaɗai, masu wanka a kogi su fito. Maganar wai aradu ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu kuma ƙarya ce, dogayen gine-gine sau da yawa take faɗa musu a shekara.

Ta ƙarshe wani malami ne ya aiko a madadin ɗalibansa: "Sun tambaye ni ta yaya ƙanƙara ke faɗowa ranar da ake tsananin zafi, ina aka samu sanyin?"

Malam, Allah ya saka da alheri da ka kawo ta nan maimakon ka ce musu su yi shiru. Ka mayar da su lissafin Kilimanjaro. Babban hadari kansa yana wuce kilomita 10, can kuwa sanyi ya kan kai 40 ƙasa da sifili ko fiye, kuma zafin ƙasar ne ma yake tunkuɗa iska sama da ƙarfin da za ta iya riƙe ƙwayar ƙanƙara, tana yawo a cikin hadarin ruwa na manne mata yana daskarewa har ta yi nauyin da iskar ta gaza. Ƙanana narkewa suke yi a hanya su iso a matsayin ruwa, manyan ne ke isowa da ransu. In ta sake faɗowa ka sa su tsinci babba guda a raba ta biyu da sauri kafin ta narke, sau da yawa za su ga zobe-zobe a ciki, wani fari wani garau, farin shi ne inda ruwan ya daskare da sauri ya kulle 'yan kumfar iska a ciki.